Darasi na 9: Wa Zai Shaidi Buhun Wake?

A wannan darasi za mu san abin da ake kira takardar shaidar noma mai ɗorewa, yadda manomi ke samun ta, da inda ta haɗu da muradun ci gaba da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015. Kowa ya ajiye biro da littafi kusa, akwai ɗan lissafi a tsakiya.

Tambayar da mai awo ba ya iya amsawa

Mai suyar ƙosai a bakin titin Ali Akilu, da magidancin da ya biya wurin masu awo bayan an sauko Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a Kaduna, duk sun san yadda ake duba wake. A ɗebo a tafin hannu, a juya, a shinshina, a ga ko ƙwaro ya huda shi. A 'yan shekarun nan kuwa wani sabon salo ya shigo: wasu masu saye hankalinsu ya fi kwanciya in suka ga ɗan ƙwaro yana yawo a cikin tiya. Hujjarsu ita ce waken da ƙwaro ya rayu a cikinsa ba a zuba masa fiya-fiya ba. Sau da yawa za ka ji ciniki ya tsaya a nan:

"Malam, tsakaninka da Allah, an sa masa magani?"

"Wallahi Hajiya, haka na saro shi a Kawo ranar Talata."

Mai awo bai yi ƙarya ba. Wanda ya sayar masa a Kawo daga hannun dillali ya karɓa, dillali ya harhaɗo daga ƙauyuka daban-daban, wataƙila kuma buhun ya yi watanni a sito kafin a ɗora shi a mota. Hannaye da yawa sun taɓa shi kafin ya iso Unguwar Sarki, amma babu wanda ya rubuta abin da ya yi masa.

A ƙauye tambayar ba ta da wuya. Wanda ya sayi wake a hannun maƙwabcinsa ya san gonar, ya ga ranar da aka yi roro, ya san ko a rumbu aka ajiye ko a jarka. Da zarar tafiya ta yi nisa sai sanin ya yanke, dole a nemi mutum na uku wanda ba shi da riba a cinikin, ya je ya gani da idonsa, ya sa hannu. Haka muke yi in za a sayi gida: a kira shaidu, a rubuta takarda, mai unguwa ya buga hatimi. Takardar shaidar noma ita ma hakan take, sai dai abin da take shaida shi ne yadda aka noma abu, aka girbe shi, aka adana shi.

Abin da ya sami wakenmu a 2015

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Duk da haka, a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Masu gwaji a tashoshinsu sun yi ta samun ragowar wani maganin ƙwari a cikinsa, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Dokarsu ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. A sauƙaƙe, buhu mai kilo 100 kada a sami fiye da miligiram 1 a cikinsa, kuma sai an tara miligiram 1,000 ake samun giram 1. A wasu buhunan da aka gwada an sami har miligiram 4.6 a kilo, ninki 460 ke nan na abin da aka yarda da shi. Da farko an ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce. Da shekarar ta cika aka ƙara uku, daga baya aka sake ƙarawa.

Jaridu sun yi ta lissafin kuɗin da ƙasa ta rasa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Buhunan da aka ƙi a can suna da 'yan'uwa da suka fito daga sito ɗaya, aka zuba musu magani rana ɗaya, su kuma nan gida suka tsaya. Mu muka ci su a ƙosai da alale da ɗanwake, yaranmu suka tafi makaranta da su a ciki. Baturen da bai ci ba yana da mai gwada masa. Mu da muka ci ba mu da shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da shaguna, amma hana kwalba bai gaya wa mai sito yadda zai ceci wakensa daga ƙwaro ba.

Hanyar kuwa akwai ta. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue a Amurka suka samar tare da masu bincike na Afirka, ya fara yaɗuwa a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Iska na ƙarewa ƙwaro ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko ganga mai murfin da ba ya shan iska ita ma tana yin aikin in an cika ta taf. To amma mai saye a Unguwar Sarki ta yaya zai bambance waken buhun PICS da waken fiya-fiya, tunda a tiya duk fari ne? Nan ne amfanin shaida ya bayyana.

Takardun iri-iri ne

Duba kayan gona ba baƙon abu ba ne a Arewa. Zamanin dalar gyaɗa a Kano da kasuwannin auduga na Funtuwa da Zariya, akwai ma'aikatan gwamnati masu duba kaya su ba shi daraja, ta ɗaya ko ta biyu. Su kayan da ke gabansu kawai suke dubawa. Yau ma duk wanda zai fitar da citta ko riɗi ko zoɓo zuwa waje sai ya karɓi takardar hukumar NAQS mai shaida cewa kayan ba ya ɗauke da ƙwari ko cutar tsirrai. Wannan tilas ce ta doka.

Takardun da muke magana a kansu na ganin dama ne, sai dai babban mai saye yakan mayar da su sharaɗi. GLOBALG.A.P. manyan kantunan Turai ne suka kafa ta a 1997, hankalinta ya fi karkata ga tsaftar abinci, amfani da magani bisa ƙa'ida, da lafiyar ma'aikaci. Fairtrade ta samo asali daga wani tambari da aka fara liƙa wa kofi na manoman Meziko a ƙasar Holan a 1988; ita damuwarta farashi, tana yanka mafi ƙarancin kuɗin da za a biya manomi, tana kuma ƙara wani kaso da ƙungiyar manoma za ta zauna ta yanke abin da za a yi da shi. Rainforest Alliance, mai tambarin koren kwaɗo, ta fi kula da daji da ƙasa da ruwa. Sai kuma shaidar noman da ba a sa takin zamani ko maganin feshi na kamfani. A dokar Turai sai gona ta yi shekara 2 ba ta ga waɗannan ba kafin amfanin shekara-shekara ya sami wannan tambari, itatuwa kuma shekara 3.

Littafin gona

Mutane da dama sun ɗauka cewa jami'in bincike in ya zo ƙasa zai ɗiba ya tafi da ita ɗakin gwaji. Yakan yi wani lokaci. Amma abu na farko da zai nema shi ne littafi.

Mu buɗe shafi ɗaya mu gani. An ja layuka daga sama zuwa ƙasa. Gidan farko kwanan wata. Na biyu sunan gonar ko lambarta, domin mai gona uku dole ya bambance ta fadama da ta tudu. Na uku sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwalba. Na huɗu yawan abin da aka zuba a injin feshi na goyo. Na biyar sunan wanda ya yi feshin. Na ƙarshe ranar da aka yi girbi. Jami'in zai ɗauki kwalbar ya karanta kwanakin da kamfani ya ce a jira tsakanin feshi da girbi, sannan ya ƙirga da yatsa a littafin. In kwalba ta ce kwana 14, littafi ya nuna an tsinki tumatir bayan kwana 5, magana ta ƙare.

Daga nan zai ce a nuna masa inda ake ajiye magani. Ɗaki ne mai kwaɗo, ko ƙarƙashin gado kusa da buhun masara? Zai duba zanen launi da ke ƙasan kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Zai tambayi inda tsoffin kwalabe suke. Ƙa'ida ita ce a ɗauraye kwalba sau 3, a juye ruwan a cikin injin feshi, a huda gindinta don kada wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha a ciki. Zai nemi ganin safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, ya lura ko sun tsufa da aiki ko jiya aka ciro su daga leda. In gonar lambu ce irin waɗanda ke bakin kogin Kaduna ta wajen Malali da Unguwar Rimi, zai bi ruwan ban-ruwa ya ga daga ina ya fito, domin latas da kabeji ɗanye ake cin su.

Duk wannan yana hannun wanda ya iya rubutu. Manomin da ya fi kowa iya huɗa a garinsu, in ba zai iya rubuta kwanan wata da sunan magani ba, sai ya jira wani ya rubuta masa. Kowa a wannan aji da ya kai ga cike irin wannan shafi da hannunsa ya riga ya mallaki abin da ƙungiyar manoma ke nema ruwa a jallo.

Ga lissafin. Kuɗin kawo jami'in bincike ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya ko biyu, shi ya sa ƙananan manoma ke haɗuwa su nemi takarda ɗaya da sunan ƙungiya. Ƙungiyar za ta naɗa masu dubawa na cikin gida su zagaya gonar kowane mamba a shekara. Jami'in waje kuma, a tsarin GLOBALG.A.P., ba kowa zai ziyarta ba. Zai nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan manoman. In su 100 ne, gonaki 10 zai zaɓa, domin 10 sau 10 ɗari ne. In su 64 ne, gonaki 8. Shi ke zaɓa, ba shugaban ƙungiya ba. Kuma babban laifi a gona ɗaya yana iya jawo wa kowa asara, tunda takardar ɗaya ce. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, a nan kuwa maganar ta zo daidai har da waken. Takardar shekara ɗaya take yi, sai a sake dubawa.

Inda ta haɗu da muradun duniya

A watan Satumba na 2015, wata uku bayan an rufe wa wakenmu ƙofa, ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da ake son cimmawa kafin 2030. Cikin waɗanda suka jagoranci tsara su akwai Hajiya Amina J. Mohammed, wadda ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a nan Kaduna, ta kuma zama mataimakiyar babban sakataren majalisar a 2017. A shekarar ce kuma jihar Kaduna ta fitar da rahotonta na kanta a kan inda ta kwana game da muradun.

Muradun manyan kalmomi ne da aka rubuta a birnin New York. Abin da takardar shaida ke yi shi ne ta farfasa su su zama tambayoyin da za a iya amsawa da i ko a'a a tsakar gona. Muradi na 3 na maganar lafiya, har da rage mace-mace ta dalilin sinadarai masu guba. A gona ya zama tambayar safar hannu da ɗaki mai kwaɗo. Na 6 ruwa mai tsafta ne. A gona ya zama, shin a rafi kake wanke injin feshi? Na 8 ya nemi a kawar da aikin da ke cutar da yara. A nan ana yawan samun rashin fahimta, gara a warware. Ba a hana yaro ya bi mahaifinsa gona ranar da babu makaranta ya yi tsince-tsince ba, haka aka koyi noma tun kaka da kakanni. Abin da aka hana shi ne a goya masa injin feshi, ko a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko a cire shi daga aji saboda girbi.

Muradi na 2, yaƙi da yunwa, shi ya fi kusa da mu, kuma masara ce za ta nuna mana. Akwai wata funfuna da ke kama masara da gyaɗa tun a gona, ta ƙara yaɗuwa in an shanya a ƙasa ko an ɗure a buhu da sauran danshi. Tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Tana jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masara mai wannan guba. Tana iya ɓuya a tuwo, a kamu, a ƙuli-ƙuli, ba ɗanɗano ba wari. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗiya aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta yin guba. Ana watsa kilo 10 a kadada, mako 2 zuwa 3 kafin amfanin ya yi fure, sai mai kyau ta riga mai guba kama wuri. A 2017 kamfanin Nestlé da hukumar USAID ta Amurka suka fara wani shiri da manoman masara a jihar Kaduna don rage irin wannan guba, saboda kamfanin na gwada masarar da yake saye. Manomin da ya koyi shanya a kan tamfol domin ya sayar wa kamfani, daga tamfol ɗin nan zai ɗebi ta tuwon gidansa. A ganina wannan ita ce riba mafi girma, ko da farashi bai ƙaru da ko sisi ba.

Daji kuma, muradi na 15, ya riga ya wuce ganin dama. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta hana shigar da koko, kofi, manja, roba, katako, shanu da waken soya in an same su daga filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma sharaɗin na nan: sai an nuna ainihin wurin da gonar take a taswira. Masu noman waken soya a jiharmu su sa wannan a ransu.

Abin da takarda ba ta yi

Kada wani ya fita daga ajin nan yana zaton tambari maganin talauci ne. Takarda ba ta kawo mai saye. Akwai ƙungiyoyi a Afirka da suka biya kuɗin bincike shekara da shekaru, amma wani kaso kaɗai na kayansu suke sayarwa a farashin tambari, sauran ya tafi kasuwa kamar na kowa. Noman da ba a sa takin zamani yakan rage yawan amfani a shekarun farko, kuma a lokacin ba a fara biyan ƙarin kuɗi ba. Dokar aiki a nan ita ce a nemo mai saye tukuna, a ji wace takarda yake so, sannan a kashe kuɗi.

A kuma tambaya: da sunan wa takardar take? Sau da yawa kamfanin da ke fitar da kaya shi ke biya, takardar ta fito da sunansa. Ranar da aka saɓa a kan farashi, manoman da suka yi shekara suna cike littafi ba za su iya ɗaukar shaidarsu su kai wa wani ba. Citta misali ce mai kyau. Mafi yawan cittar Nijeriya daga Kachia, Kagarko, Jaba da kewayensu take fitowa, kuma mata ne ke yin kaso mai yawa na tsagawa da shanya, aikin da shi ke sa citta ta yi kyau ko ta yi funfuna. In rajistar ƙungiya sunayen maza kaɗai ta ɗauka, ƙarin kuɗin tsafta ba zai isa hannun da ya yi tsaftar ba, muradi na 5 na daidaito ga mata ya tsaya a takarda. Annobar da ta ruɓar da citta a gonakin yankin a 2023 ta nuna wata iyakar: tambari ba ya hana cuta, ba ya kuma biyan manomi bashin da ya ci.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne a raba tukunya biyu: mai kyau a tsince a zuba a kwantena a tashar tsandauri ta Kakuri, ragowar a juye mana a kasuwa. In haka ta faru, tambari ya tsare cikin baƙo ya bar na ɗan gida. Shi ya sa a ƙasashe irin su Indiya da Barazil aka ɓullo da shaida ta gida mai araha, inda manoma da masu saye ke haɗuwa su rubuta ƙa'idojinsu, su riƙa zagaya gonakin juna. Babu abin da zai hana masu ƙosai da masu abincin sayarwa na Unguwar Sarki, waɗanda ke sayen wake buhu-buhu, su ƙulla irin wannan da ƙungiyar manoma guda a Igabi ko Giwa: wake a buhun PICS, sunan manomi da ranar ɗauri a jikin buhu, wakilai biyu su je su gani lokacin kaka.

Aiki

A aji: ƙungiya tana da manoma 81. Gonaki nawa jami'in waje zai ziyarta? In an yi feshi ranar 3 ga wata, kwalba ta ce a jira kwana 21, wace rana ce ta farko da za a iya girbi?

A gida: ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya je wurin mai sayar da maganin feshi, ya nemi izini ya kwafo abubuwa huɗu daga jikin kwalba ɗaya: sunan maganin, launin da ke ƙasanta, lambar NAFDAC, da kwanakin jira kafin girbi. Sannan kowa ya ja layukan littafin gona a shafi guda, ya cike layi biyu da abin da ya kwafo. Wanda ba ya noma ya yi shafin sito: ranar da aka sayi buhu, daga hannun wa, daga wane gari, a cikin me aka adana. A zo da shafukan mako mai zuwa, za mu yi musayar su, kowa ya zama jami'in binciken ɗan'uwansa.